Gabar Kwamfuta da Baƙin Akwati a Shagon Iro Mai Hoto

Da sunan Mai kowa mai komai, wanda ya halicci haske tun kafin a haifi masu ɗauke shi, muke buɗe ruwayar gumurzun da ya auku a garin Malumfashi, a Layin 'Yan Hoto, a zamanin gwarzon maza Malam Iro ɗan Barau ɗan Jatau ɗan Mato Baban Sulhu. Shi Maton nan shi ne wanda maruwaita suka ce ya taɓa shiga tsakanin bijimai biyu da hularsa kaɗai, ya fito da ransa, hular ce dai ba a sake ganinta ba. Ɗansa Jatau ya sasanta mai jaki da mai tukwane bayan jakin ya gama aikinsa a kan tukwanen. Barau kuwa har barci yakan yi yana cewa a yi haƙuri. Daga wannan tsatso mai albarka Iro ya fito, ruwan sanyi mai kashe tafasa, allura mai haɗa yage, katangar tsakiya, na Tasalla ba ka barin husuma ta kwana, shugaban Kwamitin Sulhu na unguwa, mai ɗaukar hoto da bidiyon biki, wanda in ya gyara zaman babbar rigarsa ya ce "to, jama'a," sai ka ga masu zage-zage sun hau sunkuyar da kai.

Sai dai tarihi amana ne, dole mu faɗi abin da duk layin ya sani ake yin kamar ba a sani ba. Wannan gwarzo da ya sasanta mahauta da masu tsire, ya sasanta liman da ladan, ba ya magana da ƙaninsa Tukur, uwa ɗaya uba ɗaya, mai gyaran rediyo da lasifika, wanda shagonsa ke kallon nasa ido cikin ido. Asalin fitinar kuwa ranar buɗe rijiyar burtsatse ta unguwa ce. An ba Tukur aikin haɗa lasifika, ga mai unguwa, ga manyan baƙi sun cika rumfa, sai ya ɗauki makirfo don gwaji, ya hango wansa yana saita kyamara, ya buɗe murya ya ce, "Iro, Iro, ana ji na?" Babu Yaya, babu Malam, sunan tsirara, kuma lasifikar ta kai shi har bakin kasuwa. Rumfa ta kwashe da dariya. Kafin rana ta faɗi 'yan acaɓa sun ɗauka, duk wanda ya gilma ta ƙofar shago sai ya danna oda ya tambaya ko ana jin sa.

Abin ya yi wa Iro ciwo, ciwo na gaske, don shi ya goya Tukur a kafaɗa suna yara. Ya ɗauki alwashin ba zai sake fara yi masa magana ba sai ya zo ya durƙusa, amma da yake masanin hukunci ne bai haɗa da sunan Allah ba, don kada kaffara ta hau shi. Tukur shi ma ya kafe cewa gwaji ya yi, ba zagi ba. Tun daga nan sai darbejiyar da ke tsakiyar layi ta zama jakadiya. Iro yakan fito ya dubi reshenta ya ce, "Ke darbejiya, gaya wa mai shagon can ruwan kwatarsa na shigo mini." Tukur ya leƙo ya ce, "Ke darbejiya, ce masa gangare ne, ba ni na halicce shi ba." Haka aka yi ta tafiya, damina ta wuce, wata ta zo, bishiya tana ta aikin da ba ta nema ba.

Ana cikin wannan hali Kwamiti ya karrama Iro da allon yabo na katako mai ruwan zinariya, an rubuta Garkuwan Sulhu da manyan baƙaƙe. Allon ya zo da rami a ka amma babu igiya. Gwarzo ya durƙusa ya lalubi bayan teburinsa, hannunsa ya faɗa kan wata baƙar waya, ya fizge ta, ya ɗaga kai ya ga kwamfuta ko gezau ba ta yi ba, sai ya yanke hukuncin cewa wayar zaman banza take yi. Ya zura ta a ramin, ya ƙulla, ya rataye allon a bango daidai inda mai shagon can zai riƙa hango shi kullum.

To a ƙarƙashin teburin nan akwai wani baƙin akwati mai nauyin tsiya da ake kira yufiyes, batir ne cike da cikinsa. Aikinsa shi ne in an ɗauke wuta ya riƙe kwamfuta na ɗan lokaci, in ƙarfinsa ya kusa ƙarewa ya raɗa mata, ita kuma ta tattara aikin da take yi ta kwanta da hankalinta, in wuta ta dawo ta tashi ta ci gaba daga inda ta tsaya. Tun ranar allon yabo wannan raɗa ta yanke. Wani jan rubutu na Turanci ya fito a kusurwar fuskar kwamfuta ya yi zamansa, Iro kuwa ya ɗauka ado ne.

Sai ga babbar jarrabawa ta sauka. Yayarsu Tasalla, babbar 'yar Barau, macen da ko mahauta ba sa yi mata tsawa, ta aurar da 'yarta Balaraba ga mutanen Damagaram, Iro ne ya ɗauki bidiyon bikin tun daga kamu har buɗar kai. Dangin ango za su juya gida da amarya, kuma Tasalla ta yi musu alkawari da bakinta cewa da bidiyon za su tafi. Fitar da irin wannan bidiyo aiki ne na wuni, kwamfuta ta yi ta niƙa a hankali, ga shi janareton shagon ya daɗe da komawa ga magabatansa. Iro ya kunna aiki, ya yi nisa, aka ɗauke wuta. Baƙin akwati ya yi ta kuka, ƙit, ƙit, ƙit, kwamfuta ba ta san da ita yake ba, har numfashinsa ya ƙare, ta faɗi warwas da aikin a hannunta. Aka dawo da wuta, aka faro daga farko, aka sake ɗaukewa, aka sake faɗuwa.

A nan ne jinin Mato ya motsa. Gwarzo ya tuɓe babbar riga ya rataye, ya naɗe hannun 'yar ciki, ya tura hula ƙeya, ya ja daga a gaban tebur, ya yi wa kansa kirari da muryar da ta firgita ƙadangaren bango: "Sai ni Iro na Barau! Yau ko ni ko ku!" Ya fara da dabarar da mazan jiya suka gada kaka da kakanni, wato ya kashe ya kunna. Jan rubutu ya dawo. Ya kashe akwati ya bar kwamfuta, ya kashe kwamfuta ya bar akwati, ya kashe su duka ya fita ya sha ruwa ya dawo don su ɗauka ya haƙura, jan rubutu yana nan daram. Ya kwanta rubda ciki a ƙasa ya hure kowane rami da ke bayan akwatin da dukkan iskar huhunsa, har wani dattijon kyankyaso da ya shekara a ciki ya fito da iyalansa suka yi hijira. Wannan ita ce nasarar farko da aka rubuta wa rundunar, kuma ita kaɗai ce ta wannan safiya.

Da lamari ya tsananta aka aika wa Ticha Mamuda, tsohon malamin firamare da ke karatun jarida a inuwar shagon mai shayi, ma'abocin tabarau mai ƙafa ɗaya. Ya zo ya kafa hanci a fuskar kwamfuta, ya karanta jan rubutun a zuci, ya sake karantawa a fili, sannan ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Malam Iro, cewa ta yi magana ta yanke tsakaninta da wancan akwatin. A taƙaice dai, ba sa magana da juna."

Iro ya dafe ƙirji. "Gaba? A shagona? A ƙarƙashin wannan allon?"

"Turancin dai haka ya nuna."

Sai fuskar gwarzo ta washe, don an fito da yaƙin daga jejin da bai sani ba an kawo shi filin gidan ubansa. Ya sunkuya ya rungumo baƙin akwati, jijiyoyin wuyansa suka miƙe, ƙugunsa ya yi wata ƙara da aka ji a waje, ya dire shi a kan tebur fuska da fuska da kwamfuta. Ya mayar da babbar riga, ya gyara zama, ya naɗa Ticha shaida, ya ce, "To, jama'a." Daga nan ya kwararo nasiha irin wadda ta narkar da zukatan mahauta, ya yi bayanin haƙƙin maƙwabtaka, ya tunatar da su cewa soket ɗaya suke sha, rufi ɗaya ya rufe su, ya kawo illolin gaba ɗaya bayan ɗaya, yadda take cinye lada, take ƙona zuciya, take sa maƙiya dariya, har Ticha Mamuda ya cire tabarau ya share ido. Duk wannan wa'azi ana yin sa ne ƙofa a buɗe, Tukur yana zaune a nasa shagon da dalma a hannu yana ji, kuma ko sau ɗaya wuyan Iro bai juya wajen ba.

Sannan aka zo hukunci. Iro ya bincika ya gano kwamfuta ta riga akwati zuwa shagon, saboda haka ita ce babba, kuma a shari'arsa ƙarami ne ke fara gaisuwa ko da shi ke da gaskiya. Ya kama akwatin ya karkata gabansa ƙasa ya tokare bayansa da kwalin takardar hoto, ya zama dai ya durƙusa. Aka yi shiru ana jiran gaisuwa. Abin da ya zo shi ne ɗauke wuta, akwati ya yi kukansa a durƙushe, kwamfuta ta sake faɗuwa, bidiyo ya mutu daidai wajen da ake shiga da kayan gara.

Da wuta ta dawo, Ticha ne ya kawo shawarar cewa watakila akwai wata waya da ke kai saƙo tsakaninsu. Nan take aka shelanta gangami. Iro ya ratsa layin kamar mai neman ɓataccen akuya, ya dawo da ganimar wayoyi a cikin buhu, cajar waya, wayar firinta, wayar rediyon mota, har da ta dutsen guga. Ya gwada su ɗaya bayan ɗaya, yana turawa yana murɗawa yana kabbara, amma ramin da ke bayan akwatin wani iri ne, kamar na wayar tarho ta zamanin da, babu wadda ta shiga. Kowa a layin ya san mutum ɗaya ne ke da buhunan irin waɗannan tarkace da sanin kansu, kuma Iro ya fi kowa sani. Ya tsaya a bakin ƙofa, gumi na zuba, ya dubi darbejiya, ya buɗe baki, ya rufe. Neman taimako ko ta bakin bishiya faɗuwa ce, kuma ya gwammace bidiyon ya mutu sau dubu da a ce shi ya fara.

Sai ƙasa ta girgiza, ga Tasalla tafe, mayafi a ɗamare a ƙugu, takalmi na tafi da kansa. Ta leƙa ta ga akwati a durƙushe, ƙaninta a tsakiyar wayoyi. Ta tsallaka layi, ta kamo Tukur ta hannun riga, ta jawo shi gaban jama'a har ƙofar shagon.

"Ni ba sulhu ya kawo ni ba," in ji ta. "Ku ci gaba da haukanku har ku tsufa. Bidiyon 'yata nake so, mutane sun fara ɗaure kaya."

A bakin ƙofa aka shiga wani mawuyacin hali, don ba a shiga wuri babu sallama, sallama kuma dole a amsa ta, in aka amsa kuwa gaba ta karye. Tukur ya yi sallamar yana kallon silin. Ticha Mamuda ya yi wuf ya amsa da ƙarfi, ya sauke wa kowa nauyi. Maruwaita sun saɓa a kan Iro, wasu sun ce leɓensa ya motsa, wasu sun ce ƙuda ya kora.

Da yake darbejiya ba ta shigowa shago, sai aka naɗa sababbin jakadu. Iro ya dubi kwamfuta ya ce, "Ke kwamfuta, gaya wa wanda aka kawo kada ya taɓa mini kyamara." Tukur ya dubi akwati ya ce, "Kai akwati, ce wa maigidanka ya matsa, ya tare mini haske." Sannan Tukur ɗan Barau, sarkin dalma, dodon lasifika, ya zare sukudireba ya shiga fage da tasa jarumtar, wadda ba ta fi ta wansa amfani ba. Ya ce batir ne, aka duba ba batir ba ne. Ya ce bairos ne, wato cutar kwamfuta, ya hau bincike cikin kwamfuta, ya ci karo da wani abu mai dogon suna a jakar bikin Balaraba wanda bai gane ba, ya ce ga munafukin nan, ya goge shi, ya goge shi kuma daga kwandon shara don kada ya dawo. Jan rubutu bai motsa ba. Daga ƙarshe ya kwance murfin akwatin ya zura yatsa inda ba a zurawa, wuta ta ja shi ta yar, ya zauna daɓas a ƙasa yana salati, ƙafafu a sama.

Iro ya zabura, hannunsa ya kai rabin hanya zuwa kafaɗar ƙaninsa kafin ya tuna, ya mayar da shi ya sosa kunne. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske, kuma ya ji haushin kansa da ya ji shi.

Daga nan ƙasa inda yake zaune, Tukur ya ɗaga ido sama, sai ya ga allon yabo, ya ga baƙar igiyar da ke riƙe da shi, ya ga bakinta na lilo a gefe, mai kama da na wayar tarho ta zamanin da. Sannan ya juya ga akwati cikin ladabi ya ce, "Kai akwati, gaya wa maigidanka harshenka ne ya rataye girmansa da shi."

Iro ya dubi allon, ya dubi ramin da ke bayan akwati, ya tuna ranar da ya fizge wayar, ya ji kunya ta taso masa tun daga tafin ƙafa. Ya so ya ce a nemo wata, amma Tasalla tana tsaye hannu a ƙugu. Sai gwarzon maza, jikan Jatau, ya taka benci a gaban yayarsa da ƙaninsa da shaida, ya sauke Garkuwan Sulhu da hannunsa, ya kwance ƙullin da haƙori, ya jingine allon a ƙasa fuskarsa na kallon bango. Ya miƙa wa kwamfuta wayar, wato ya ajiye ta a gabanta, Tukur ya ɗauka daga wajenta. Bakin wayar guda ya shiga akwati ya ce ƙyas, ɗayan ya shiga kwamfuta. Ta yi wani ɗan sauti mai daɗi, jan rubutu ya ɓace, kore ya maye gurbinsa.

"Allahu akbar! Sun gaisa!" in ji Ticha Mamuda, tabarau na faɗuwa. Tasalla ta rangaɗa guɗa, mai shayi ya bugi kwanonsa, 'yan acaɓa suka danna oda ba su san dalili ba, Iro ya ɗaga hannu sama yana karɓar mubaya'a kamar shi ya ci garin. Aka kunna aikin bidiyo, ya fara tafiya.

Sai aka ɗauke wuta.

Akwati ya yi kuka, kuma a karon farko kwamfuta ta ji. Da yake yaƙin safe ya tsotse batirin, bai yi wata-wata ba ya gaya mata ƙarfinsa ya ƙare, ita kuma cikin biyayya ta tattara aikinta, ta rufe ido ta kwanta. Akwati ya yi shiru, fanka ta tsaya. Wannan shi ne amfanin sulhun da aka zubar da gumi dominsa, kwamfuta ta koyi mutuwa cikin ladabi. Tasalla ta yi tsaki ta fita don ba baƙi haƙuri, Ticha ya ji kiran azahar ya bi bayanta.

Aka bar 'ya'yan Barau su biyu a shago mai zafi, ɗaya a kan benci, ɗaya a ƙasa, jakadu duka sun mutu, darbejiya tana waje. Iro ya dubi farin da ya fara fitowa a gemun Tukur, wanda bai san lokacin da ya fito ba, alhali kullum yana hango shi daga tsallaken layi. Ya ji kewar ƙaninsa ta danne shi, ga alwashi ya tokare bakin. Tukur ya yi ta juya sukudireba a hannu. Can ya yi gyaran murya, irin ta mai gwada makirfo, ya yi magana ƙasa-ƙasa yadda ko ƙofa ba ta ji ba.

"Yaya. Yaya, ana ji na?"

Iro ya dubi bangon da babu komai sai ƙusa.

"Ana ji," ya ce. "Tashi daga ƙasa, yatsan ya ƙone?"

Wannan ita ce ruwayar yaƙin, kuma ga abin da aka samu na ganima. Wuta ba ta dawo ba sai da mutanen Damagaram suka yi nisa, bidiyo ya bi su daga baya a hannun direban mota. Balaraba ta bugo waya ta ce hoto ya yi kyau, kowa ya fito fes, sai dai tun daga kamu har buɗar kai babu sauti ko na tari, makaɗa na ta duka, mata na ta buɗe baki, ba a jin komai. Ashe munafukin da Tukur ya goge shi ne muryar bikin gaba ɗaya. Allon yabo kuwa har yanzu ba a samo masa igiya ba, shi ke tokare ƙafar teburin da ke girgiɗi.

In ka bi ta Layin 'Yan Hoto da hantsi za ka tarar da Iro da Tukur a benci ɗaya, kwanon ƙosai ɗaya a tsakaninsu. Za ka kuma ga wata mata ta zo ta tsaya a tsakiyar layi, ta juya musu baya, ta ɗaga kai ta dubi reshe.

"Ke darbejiya," Tasalla takan ce, "gaya wa sakarkarun nan biyu ban yafe ba."